Kowa ya san ana ci, amma wa ya san hanyar da kuɗin ke bi?

Kwanakin baya a wani shirin rediyo na dare a nan Kano, irin wanda ake buɗe layi jama'a su bugo, an gayyato wani matashin malamin jami'a da ke digirinsa na uku a kan cin hanci da siyasar ubangida. Bai gama gabatar da kansa ba wani ya bugo ya ce: "Malam, da girmanka za ka ƙarar da shekara biyar kana binciken abin da ɗan adaidaita sahu zai gaya maka kyauta tsakanin Kabuga da Bata? Kowa ya san ɓarayin nan. A kama su kawai." Waɗanda suka bugo bayansa duk layinsa suka bi.

Maganar ta tsaya mini a rai, don ba shi kaɗai ke da ita ba. Haka iyaye ke gaya wa 'ya'yansu, haka wasu malamai ke gaya wa ɗalibin da ya kawo irin wannan take: ka nemi abu mai sauƙi, ka gama, ka karɓi takardarka.

Ra'ayina shi ne nazarin cin hanci da hanyoyin sanayya fage ne na ilimi da ya isa mutum ya yi furfura a cikinsa. Kano, garin kasuwa da siyasa da sarauta, ta fi ko'ina dacewa da shi, kuma 'yan gari masu jin Hausa har da habaicinta su ya kamata su riƙe shi. Sharaɗin guda ne: mai wannan aiki ya san shi ba ɗan sanda ba ne. Ɗan sanda suna yake nema, malami kuwa hanya yake bi.

"Kowa ya sani"

Abin da kowa ya sani shi ne ana ci. Tambayi mutum nawa ake ci, a kan wane teburi, ta hannun wa, kuma me ya sa wani ofis ke aiki lafiya alhali na kusa da shi ya ruɓe, sai ka ji an koma "an ce".

Kama mutane mun gwada shi. A 1975 Janar Murtala Muhammad ya sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000. An kafa hukumomin tarayya na yaƙi da cin hanci, ICPC a 2000, EFCC a 2003, ga Kano da tata hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci. Duk da haka binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya ƙiyasta cewa a 2023 kaɗai 'yan Najeriya sun miƙa wa ma'aikatan gwamnati tsabar kuɗi kusan naira biliyan 721 a matsayin na goro. Ana cire mutum daga kujera, wanda ya gaje shi ya tarar da hanyar a share.

Ɗauki kwangilar gina ajujuwa biyu a firamare. A takarda kamfani ɗaya aka ba. A zahiri mai kamfanin ɗan gidan wani ne, bai taɓa riƙe cebur ba, sai ya sayar da takardar ga na biyu ya cire kasonsa. Na biyu ya sayar wa na uku. Akwai kason wanda ya cusa aikin a kasafin kuɗi, da na wanda zai sa hannu cewa aiki ya kammala, da na wanda zai fito da fayil daga ƙasan tuli a biya. Abin da ya rage shi ke zuwa hannun magini, shi kuma ya ƙara yashi ya rage siminti, ya sa rodi mai milimita 10 inda aka rubuta 12. Damina biyu bango ya tsage.

A wannan jerin wa za ka kama a ce magana ta ƙare? Mai bincike so yake ya san a wace gaɓa kuɗin suka fi zubewa, wace gaɓa ce idan aka toshe sauran za su mutu, wace ce kuma idan aka toshe kuɗin gefe kawai za su kauce. Ba a samun wannan amsa a cikin adaidaita sahu. Sai an bi kwangila talatin ko hamsin ɗaya bayan ɗaya, daga takarda zuwa fili.

"So kuke ku mai da zumunci laifi"

Wannan ƙorafi ya fi na farko nauyi, kuma ina girmama masu shi. Suna cewa Turawa ne suka zo da ma'auninsu, duk wanda ya taimaki ɗan'uwansa sai a ce ya yi son kai.

Gaskiya ne rayuwar Kano a kan sanayya take tafiya, kuma yawancinta alheri ce. A Kantin Kwari ana ba da kayan miliyoyi a kan amana, ba lauya ba takarda, don an san gidan da mutum ya fito. Maigida ya riƙe yaro shekaru, ya yi masa aure, ya sallame shi da jari. A Dawanau dillali ke haɗa baƙo da mai hatsi, ya tsaya wa kowa, ya karɓi la'adarsa a fili. Mata na tara jarin sana'a da kayan ɗaki ta adashi. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya nuna yadda masu gida ke tafiyar da cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu a kan bashi da yarda, a lokacin da banki bai san da su ba. Duk mai nazarin da ya shigo da tunanin cewa wannan duka ruɓa ce, ya faɗi tun bai fara ba.

Matsalar ita ce zaren da ke riƙe da kasuwa shi ne dai ake ja har cikin ofis. Maigidan da ya ba yaronsa shago daga dukiyarsa ya yi abin yabo. Idan ya zama shugaban ma'aikata ya ba yaron gurbin aikin da mutum ɗari biyar suka rubuta wa jarrabawa, shi a ransa halin nan ne dai na riƙon amana, amma wannan karon da haƙƙin wasu ya yi kyautar. Peter Ekeh na Jami'ar Ibadan ya yi bayanin wannan tun 1975: mutumin da ba zai taɓa kwabon ƙungiyar garinsu ba, shi ne zai ɗebi na gwamnati hankali kwance, har a yi masa kirari a gida idan ya kawo. A nan ma muna ji ana cewa kuɗin gwamnati ba na uban kowa ba ne, daga bakin mutumin da ba zai iya taɓa asusun masallacin unguwa ba.

Kuma tambayar inda kyauta ta ƙare rashawa ta fara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Hadisin Ibnul Lutbiyya yana cikin Bukhari da Muslim: an aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙ ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su. Ma'aunin yana gida, kusan shekara ɗari biyu kafin a san ƙungiyar duniya mai sa ido kan cin hanci, Transparency International.

Abin da ɗan gari ya fi baƙo shi ne kunne. Goro daban, tukuici daban, ihsani daban, hasafi daban, kamasho daban, kashe-mu-raba daban. "A duba mu" a bakin masinja ba ita ce "a duba mu" a bakin ɗan kwangila ba. Takardar tambayoyin da aka rubuta da Turanci aka fassara kalma ɗaya ta koma "cin hanci" ta haɗiye waɗannan duka, sai a fito da alƙaluman da ba su auna komai ba.

"Ba wanda zai gaya maka gaskiya"

Idan ka je wa mutum da "ka taɓa karɓar cin hanci?", to ba zai gaya maka ba, kuma yana da hujja. Sana'ar tana da dabarunta.

Fara da takarda kafin ka buɗe baki da kowa. Kasafin kuɗin jiha da rahoton yadda aka kashe shi, rahoton babban mai binciken kuɗi, hukunce-hukuncen kotu, da rajistar kamfanoni ta CAC inda za ka ga masu kamfanin da aka ba aiki. Jera kwangilolin shekara uku a tebur guda: sunan aiki, mazaɓa, kamfani, daraktoci, adireshi, kuɗi, ranar biya. Idan kamfanoni huɗu da suka "yi takara" suna da adireshi ɗaya ko darakta ɗaya, ka sami bakin zare. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ofis kwana bakwai ya amsa bukatarka. Da yawa ba za su amsa ba. Rubuta ranar da ka kai, da wanda ya karɓa, da abin da aka ce maka, domin shirun ma bayani ne. Sannan ka tashi ka je wurin aikin da ƙafarka, ka auna, ka ɗauki hoto.

Wajen hira, kada ka tambayi mutum abin da ya yi. Tambaye shi yadda ake yi. "Alhaji, idan mutum na son takardar filinsa ta fito da wuri, ta ina ake bi?" Zai ba ka labari dalla-dalla da sunan "wani abokina". Don zana taswirar sanayya kuwa, ba kowa tambayoyi biyar iri ɗaya: wa za ka nema idan kana son gurbin karatu ga ɗanka, ko gado a asibiti, ko belin ƙaninka, ko canjin wurin aiki, ko rancen gaggawa? Me ya haɗa ka da shi, jini ko unguwa ko makaranta ko ɗariƙa ko jam'iyya? Bayan hira hamsin ko sittin a mazaɓa guda, za ka ga mutum uku ko huɗu da hanyoyi ke komawa gare su. Sau da yawa ba masu muƙami ba ne. Direban wani ne, ko tsohon sakataren jam'iyya na mazaɓa, ko wata Hajiya mai tara mata.

Idan adadi kake so, misali na sayen ƙuri'a, akwai dabarar ƙirga. Raba mutanenka gida biyu ta hanyar canki-canka, a ce 500 kowane gida. Karanta wa gida na farko abubuwa huɗu: na je taron siyasa, na saurari shirin siyasa a rediyo, na liƙa fosta, na tsaya takara. Ka ce kada su faɗi wanne, su faɗi guda nawa suka yi kawai. Gida na biyu ka ƙara na biyar: na karɓi kuɗi ko kaya don in zaɓi wani. A misali, idan matsakaicin gida na farko 2.0 ne, na biyu 2.3, to kusan mutum 30 cikin 100 sun karɓa, kuma ba wanda ya tona kansa. Inda ake kuskure shi ne a jera abubuwa huɗu da kowa ke yi, sai wanda ya ce "biyar" ya fallasa kansa, don haka ya rage. Dole a sa abu ɗaya da ba kasafai ake yi ba. Mutum ɗari ko ɗari biyu kuma ba sa isa, bambancin zai nutse.

Abubuwan da ke ɓata aiki a Kano sanannu ne. Na farko ƙofar da ka shiga. Idan ɗan wani gidan siyasa ne ya fara gabatar da kai, shi zai miƙa ka ga na gaba, na gaba ya miƙa ka ga nasu, ka gama shekara kana jin ɓangare guda, ɗaya ɓangaren kuma ya riga ya sa maka hula. Buɗe ƙofa uku ko huɗu da ba su san juna ba. Na biyu lokaci: wata shida kafin zaɓe kowa ya zama sojan baka, abin da za ka ji na rediyo ne. Na uku waya a kan tabarma. Da an ga ana naɗa murya sai magana ta koma jawabi. Gara ka saurara, ka rubuta a daren nan kafin ka kwanta. Na huɗu mata. Rabon atamfa da taliya da sabulu ta cikin gidaje yake bi, ta hannun shugabannin mata, ta biki da suna. Namiji ba zai shiga gidan aure ya ji wannan ba. Binciken da ba mace a cikin masu yin sa ya bar rabin gari a waje.

Sai amana. Kowane mai ba da bayani a ba shi lamba a maimakon suna, takardar da ke haɗa lamba da suna a ajiye ta daban, ba a waya ba. Canja duk abin da zai sa a gane mutum. A Kano in ka ce "wani tsohon kansila mai shagon taya a Fagge" ka riga ka faɗi suna. Nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka a rubuce kafin ka fita. Kada ka rubuta cewa wane ya ci sai kana da hukuncin kotu ko takardar hukuma a hannu, domin ƙarar ɓata suna ba ta san digiri ba. Ka kuma tuna zargin cin hanci shi kansa makami ne. Binciken kuɗin En'e, wato hukumar gargajiya, ta Kano da ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya a 1963, har yau masana tarihi na tattauna nawa ne na kuɗi a cikinsa, nawa ne na siyasa. Duk wanda ya kawo maka fayil a ɓoye, tambayi kanka wa yake so ka sara.

"Ba abinci a ciki"

Ba zan ɓoye ba, hanyar doguwa ce kuma albashin malamin jami'a bai taka kara ya karya ba. Bayan digiri na farko a kimiyyar siyasa, ko nazarin zamantakewa, ko tarihi, ko tattalin arziki, ko shari'a, ko akanta, digiri na biyu zai ci kusan shekara biyu, na uku aƙalla uku, sau da yawa biyar. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya cinye. Daga mataimakin malami zuwa farfesa matakai ne da ake hawa da shekaru da maƙalu.

Amma fagen ba kango ba ne. Akwai Gidan Mambayya a Gwammaja, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Akwai tallafin bincike na asusun TETFund ga malaman manyan makarantun gwamnati. ICPC na da makarantar horarwa a Keffi. Don tsofaffin takardu akwai Gidan Ɗan Hausa a nan, da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna.

Abin da ke raba wanda zai yi nisa da wanda zai tsaya a kundi ɗaya kayan aiki ne. Koyi lissafin ƙididdiga sosai, ba wanda za ka biya wani ya danna maka ba. Koyi karanta kasafin kuɗi kamar akanta. Larabci da ajami za su buɗe maka rajistar kotunan alƙalai. Faransanci kuma zai buɗe maka Nijar: cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai, inda masanin zamantakewa Olivier de Sardan da abokan aikinsa suka daɗe suna nazarin ƙananan cin hanci a asibiti da kotu da kwastan, tana aiki a cikin mutanen da yawancinsu yarenmu ɗaya, kuma kayan da ke bin hanyar Maraɗi da Damagaram kasuwannin Kano suke nufa. Abin takaici ne ɗalibinmu ya san abin da aka rubuta a Landan bai san na Yamai ba.

Zaɓi abu ƙarami ka nutse. "Cin hanci a Najeriya" ba take ba ne. Yadda ake raba rumfuna a kasuwa guda bayan gobara, ko yadda ake zaɓen daliget a ƙaramar hukuma guda cikin 44, ko tafiyar fayil ɗin fansho daga teburin farko zuwa biya, waɗannan su ne ake gamawa kuma a amfana.

"Jami'ar ma ai ba ta tsira ba"

Wannan gaskiya ce, kuma wanda ya musa bai dace da fagen ba. Akwai alfarmar gurbin karatu, akwai sayar da takardun darasi dole, akwai mujallun da ake biya su buga maƙala cikin mako guda ba wanda ya duba, akwai "sa sunana in sa naka" don ƙarin girma. Mai nazarin rashawa da ya hau matakinsa da irin waɗannan mujallu ya zama misali a cikin kundinsa.

Haɗarin da ya fi kama malamai a wannan fage kuwa ba barazana ba ce, kyautatawa ce. Da ka fara suna sai a kira ka: ga kujerar kwamiti, ga aikin ba da shawara, ga kujerar Makka, ga muƙamin mai taimaka wa wane. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba na cewa malami kada ya yi wa gwamnati aiki, ilimin don a yi amfani da shi ne. Amma kada ya karɓi komai daga ofis ko gidan da yake nazari har sai aikin ya fito. Ya bayyana wanda ya biya kuɗin bincikensa a shafin farko, ko gwamnati ce ko gidauniyar waje. Ko goron da ya kai wa mai unguwa da kuɗin shayin da ya biya a majalisa ya rubuta su a littafinsa, da rana da adadi, don shi ma ya shiga cikin gaisuwar da yake nazari.

Sannan ya mayar wa mutane abin da ya samo da harshen da suka ba shi. Kundi mai shafi ɗari uku da Turanci zai kwanta a kanta. A ciro shafi huɗu da Hausa a kai wa ƙungiyar 'yan kasuwar da aka yi hira da su, da kwamitin iyayen makarantar da bangonta ya tsage, a nuna musu a wace gaɓa kuɗin ajinsu suka ragu da takardar da za su nema a ofis tun kafin a zuba harsashi. A koma gidan rediyon nan a karanta, a buɗe layi, wanda ya ga kuskure ya bugo ya gyara.